Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Legas kan tantance waɗanda haɗari ya rutsa da su

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu, ranka ya daɗe.

Mu ma'aikatan lafiya ne da 'yan agaji, Hausawa mazauna Agege da Idi-Araba. A ranar 9 ga Maris 2023, da jirgin ƙasa ya yi karo da motar ma'aikatan jiha a mashigar PWD, raunanan da aka kai LASUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, sun yi yawan da sai a fili aka tantance su, wato aka ware waɗanda za a fara yi wa magani. Likitoci sun yi ƙoƙari. Damuwarmu ita ce mintunan farko bayan kowane haɗari, tun motar ɗaukar marasa lafiya ta LASAMBUS tana maƙale a cunkoso.

A wannan lokacin babu kowa a wurin sai 'yan dako, 'yan garuwa, masu Keke da mahauta. Zuciyarsu ɗaya, amma wanda ya fi ihu suke fara ɗauka. Mai ihu kuwa yana numfashi. Wanda ya yi shiru yana zubar da jini shi ne a bakin mutuwa. Masu ƙananan raunuka sai su riga kowa cika asibiti mafi kusa, mai babban rauni ya iso ya tarar babu gado.

Tantancewar ba ta wuce minti 1 a kan mutum guda, kuma da launi 4 ake yin ta: ja a fara da shi, rawaya ya biyo baya, kore zai iya jira, baƙi kuwa babu abin da za a iya yi masa. A ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma gefe, waɗannan kore ne. Wanda ba ya numfashi a buɗe masa hanyar iska. In numfashin ya dawo ja ne, in bai dawo ba baƙi ne, a wuce gaba duk da ɗacin hakan. Baligin da numfashinsa ya haura 30 a minti, ko ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa, ko aka ce ya matse hannu ya kasa, shi ma ja ne. Saura rawaya. Jinin da ke tsartuwa a hannu ko ƙafa a ɗaure sama da raunin da santimita 5 zuwa 7, a rubuta lokacin a jikinsa. Ƙuna, irin ta gobarar tankar mai a gadar Otedola a 2018, ruwa mai sanyi take so na minti 20, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai.

Rushewar gini, kamar ta Ikoyi a 2021, tana da tarkonta. Wanda kankare ya danne na awanni a fara ɗaura masa ƙarin ruwa kafin a ɗaga nauyin, don gubar naman da ya mutu tana iya tsayar da zuciya ko ta kashe ƙoda.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ta kai wannan horon kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba da harshen Hausa, ta hannun sarakunan Hausawa, tare da ƙyallaye masu launi 4 da maɗaurin jini. A sa masu jin Hausa a layukan kiran gaggawa na 767 da 112. Sannan a wurin haɗari mutum ɗaya ya riƙa raba majinyata: ƙuna asibitin Gbagada, karaya asibitin ƙashi na Igbobi, sauran LASUTH da LUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. A kuma tunatar da asibitocin kuɗi cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wassalam,
Ma'aikatan lafiya da 'yan agaji, Agege da Idi-Araba