Masu sayar da kaya ta intanet, ku kula da takardar kwastam

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan kasuwarmu masu tallar hula, shadda da turaren wuta a Instagram da WhatsApp, suna aika wa masu saye a Turai da Amurka ta gidan waya. Da kaya sun maƙale sai a ɗora wa gidan waya laifi, alhali sau da yawa matsalar tun daga teburin mai aikawa take.

Ƙunshin da bai wuce kilo 2 ba akan liƙa masa fom ɗin bayanin kaya na kwastam mai suna CN22, mai nauyi ko tsada kuma CN23. A nan ake ɓata lamari. Mutum ya sayar da kaya, sai ya rubuta "kyauta", ko ya rubuta "tufafi" kawai, ya kuma karya farashi don mai saye ya tsira daga haraji. Jami'in kwastam na can ya saba da wannan dabara. Zai ajiye ƙunshin ya nemi rasiti. Ɗan kasuwa, ka rubuta abin da ke ciki dalla-dalla, adadi, nauyi, farashin gaskiya, lambar HS (wadda kwastam ke gane nau'in kaya da ita) da lambar wayar mai karɓa. In ka yi inshora kuma kaya suka ɓace, diyya ba za ta wuce kuɗin da ka rubuta ba.

Haraji ma ya canza. Tun 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT da take yi wa kayan da ba su wuce Yuro 22 ba. Amurka kuwa ta dakatar da nata rangwamen harajin kwastam na kayan da ba su wuce Dala 800 ba daga 29 ga Agustan 2025. Ka sanar da mai saye kafin ya biya, don in ya ƙi karɓa, kuɗin aikawa ya tafi ke nan.

Kilishi kam a haƙura, Tarayyar Turai ba ta barin nama ya shigo mata ta wannan hanya, komai kyan ƙunshi. Turaren fesawa mai alkohol yana cikin kayan da ke kama wuta, ba a ɗaukarsa a jirgi ta gidan waya.

Kada ka bar gidan waya sai ka karɓi lambar bibiya, mai haruffa da lambobi 13, wadda ke ƙarewa da NG. Ta EMS, wato aikawar gaggawa, da harafin E take farawa.

Naka mai karatu,
daga Kano