Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan kyamarorin nan masu maɓallin panorama

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Accra da duk masu hawo tirotiro daga nesa su kawo mana fim wanki. Da fatan ana lafiya, ya kasuwa ya iyali.

Za mu fara da ban haƙuri. A watan da ya wuce akwai fim guda 6 da aka ɗauka da panorama, wato dogon hoton nan mai faɗi, muka saka su a injin sikan kamar sauran, injin ya ga baƙi sama da ƙasa ya rikice, ya ƙara haske ya wanke kalar, wasu hotunan ma ya yanke su ba a inda ya kamata ba. Laifinmu ne, da mun ɗaga nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, a haske kafin mu saka da mun gani. Duk wanda abin ya shafa ya dawo da nagatif ɗinsa mu sake yi da hannu ɗaya bayan ɗaya, ba za mu karɓi ko sidi ɗaya ba, wanda kuma ya riga ya biya kuɗin bugawa a kati mu sake buga masa.

To amma wannan ya sa muka ga ya kamata mu yi maganar da muka daɗe muna yi a baki a bakin kanta, tunda yanzu samari sun dawo wa kyamarar fim, kullum sai an shigo ana tambaya wai akwai mai panorama. Maganar ita ce, a yawancin ƙananan kyamarorin nan na shekarun 1990 wannan maɓallin ba ya ƙara faɗin hoto ko kaɗan. Rufe sama da ƙasa yake yi. Ku zo shago mu buɗe muku bayan kyamara babu fim a ciki, ku tura maɓallin da kanku, za ku ga wasu baƙaƙen marafai siri-siri guda biyu, ɗaya ya sauko ɗaya ya hau, sun bar wata 'yar taga a tsakiya. Hoton fim na 35, wato fim ɗin da irin waɗannan kyamarori ke ɗauka, tsayinsa milimita 24 ne faɗi 36, in marafan nan suka rufe sai ya koma wajen 13 a 36, faɗin na nan yadda yake, kusan rabin fim ɗin da ka saya da tsada ne ka bar shi a duhu. A wancan lokacin masu wanki su ke buga shi a dogon kati mai faɗin inci 10, shi ne mutum ke gani ya ce kai, wannan kyamara ta kwaso gari duka.

Wani Alhaji maƙwabcinmu ya kawo fim na walimar saukar Alƙur'ani ta ɗansa, ashe maɓallin ya gurgusa a aljihu bai sani ba. An jera layi uku a ƙofar gida, yara a zaune, iyaye mata a tsakiya, malamai a tsaye a baya. Da muka wanke, yaran nan sai kawunansu, malaman kuma daga kafaɗa zuwa sama babu. Ya ce ɗana ba yadda za a yi a kwamfuta? Na ce Alhaji wallahi da akwai da na yi, haske bai taɓa wurin ba sam, babu abin da za a fito da shi. Ya daɗe yana duba nagatif ɗin a bakin ƙofa. Tun ranar duk kyamarar da za ta fita daga shagon nan sai mun nuna wa mai ita maɓallin, wanda ya yi sako-sako kuma mu manna masa salatif.

Ba wai muna kushe kyamarorin nan ba ne, mu kanmu muna son dogon hoto, kuma akwai waɗanda suka cancanci kuɗinsu. Abin dubawa shi ne lambar milimita da ke rubuce a bakin gilashin kyamarar, wato idonta, in lambar ta yi ƙasa to idon ya fi kwaso faɗi. Minolta P's, wadda wasu ƙasashe suka sani da Riva Panorama ko Freedom Vista, ta fito a 1991 da ido mai milimita 24, ita panorama kawai take yi, har ramin leƙawarta dogo ne, abin da ka gani shi za ka samu. Wannan ita na fi so a raina, ka tsaya da ita a Black Star Square ranar Idi ka ga sahu ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ko a Jamestown ka haɗa hasumiyar fitila da kwalekwalen masunta da teku a hoto ɗaya. Sai Ricoh R1 ta 1994, siririya ce tana shiga aljihun kaftani ba a gani, idonta 30 ne amma in ka kai ta kan faffaɗan panorama wani ƙarin gilashi ke shigowa daga ciki ta koma 24, wato ita da gaske tana ƙara faɗi. Matsalarta ɗan allon lambobin da ke samanta, da yawa sun dushe saboda tsufa, sai ka duba kafin ka biya. Ita kuwa Olympus mju-II ta 1997 kyamara ce mai kyau ƙwarai, akwai samfurinta mai maɓallin panorama, amma idonta 35 ne, to ka saye ta don kyawun hotonta, ka bar maɓallin a kashe, in kana son dogon hoto mu yanke maka a sikan, sama da ƙasa suna nan a ajiye.

Masu tambayar irin hoton da suke gani a Instagram mai tsawo sosai kuma garau, galibi wannan aikin Hasselblad XPan ne, ta 1998, ita kam tana shimfiɗa hoto har milimita 65 a kan fim, shi ya sa fim mai hoto 36 ke ba da 21 kawai. Ba ƙaramar kyamara ba ce, kuɗinta ma ba na wasa ba ne, ba mu da ita.

Abu ɗaya da muke roƙo, don Allah kada a saya kyamarar da aka rubuta APS a jikinta ko a ga harufan C, H, P a maɓalli, komai arha. Wannan wani tsarin fim ne daban da ya fito a 1996, kuma an daina yin fim ɗinsa tun 2011, sau biyu ana kawo mana irinta daga kayan gwanjo mu ce babu fim, mutum ya tafi ransa a ɓace.

Game da fim, tunda ɗan siririn wuri ne za a faɗaɗa har kusan ninki 7, tsakin fim, wato ɗigo-ɗigon nan na cikin hoto, yana fitowa, gara fim mai lamba 100 ko 200 a jikin kwalinsa irin Kodak Gold, rana dai ba ta yi mana rowa a Accra. A riƙe kyamara daidai kada ta karkata, a dogon hoto 'yar karkata kaɗan sai ka ga teku na gangarawa. Kada a jingina mutane da gefe-gefe, a ido mai 24 fuska tana miƙewa a can. Filasha kuma ba ta kai wa nesa, mita kaɗan ne, taron dare a fili ba aikinta ba ne.

Danshin garin nan shi ne babban abokin gabansu, yana sa fumfuna a cikin gilashi kamar saƙar gizo, yana narkar da sosan da ke bakin murfi ya zama kamar kwalta, haske ya riƙa shiga yana ja wa hoto jan layi. Kada a bar ta cikin jakar fata a ƙasan akwati, a cire batir in za a daɗe ba a ɗauka ba, lokacin hunturu kuma a sa ta a leda saboda ƙura. Canjin soso muna yi, batir CR123A da CR2 duk akwai.

Daga yau in kun kawo fim ku ce mana akwai panorama a ciki, ko da hoto ɗaya ne, mu rubuta a ambulan. Kowace kyamara da muke sayarwa mun gwada ta da fim tukuna, kuma za mu nuna muku nagatif ɗin gwajin. Muna buɗe Litinin zuwa Asabar, ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci, ana iya biya ta MoMo.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.
Naku, masu shagon wankin hoto da gyaran kyamara, Nima.