A gwada na'urar ɗaukar yatsa da hannu irin namu

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na yi aikin wucin gadi a wata cibiyar rajista, ni ne mai ɗaukar zanen yatsu, kuma wallahi har yau in na tuna wani dattijo manomi sai raina ya sosu. Tun sassafe ya baro ƙauyensu ya bi layi har bayan azahar, da ya zo gabana ya ɗora yatsa na'ura ta ƙi, ya goga a goshi ta ƙi, muka shafa masa basilin, aka kawo ruwa ya wanke, duk a banza, fartanya ta cinye zanen, ga kanta ga kaushin hunturu. Sai ya dube ni ya ce "yaro, ko dai ni ba mutum ba ne?" Ban iya ce masa komai ba.

Abin da muke yi a lokacin shi ya fi damuna. Da yake yawan mutanen da ka yi wa rajista ake dubawa, duk hoton da ya ɗan fito ko da dishi-dishi ne sai mu tura kawai mu kira na gaba, shi kuma bawan Allah ya tafi yana murna an gama, bai san ranar da zai zo a tantance shi za a ce ba shi ba ne. Mu muka shuka masa wannan wahalar tun ranar farko.

Daga baya ne na gano ashe akwai manhajar da aikinta shi ne auna kyawun hoton yatsa, kuma kyauta ce. Hukumar NIST, mai kula da ma'auni da fasaha a Amurka, ta fitar da manhajar NFIQ tun 2004, tana ba hoton yatsa maki daga 1 zuwa 5, sannan aka yi NFIQ 2 mai maki 0 zuwa 100. Tana duba ko layukan yatsar sun fito sarai, ko an danna da ƙarfi sun cakuɗe, ko yatsar ta bushe sun tsittsinke, nan take mai aiki zai san ya sake ɗauka tun mutum na gabansa. Ta fuska ma akwai, OFIQ, Jamusawa suka yi. To me zai hana a sa doka cewa in maki bai kai ba kwamfuta ba za ta karɓa ba, in an gwada an gwada ya ƙi sai a rubuta dalili a koma fuska ko ƙwayar ido?

Amma fa maki kaɗai bai isa ba, gwajin da ake wa na'ura kafin a sayo ta shi ne babbar magana. Da yatsun wa aka gwada ta? In da hannun ma'aikatan ofis masu laushi aka gwada cikin ɗaki mai AC, dole sakamako ya yi kyau a takarda. A zo da birkila da siminti ya cinye masa hannu, da mai wankau, da matar da ta yi ƙunshi, da tsohuwa 'yar shekara 80, a gwada a watan Janairu cikin ƙura. Sannan a tace bayanan gwajin su kansu, don in mutum ɗaya ya shiga sau biyu da suna daban, ko aka rubuta yatsar hagu a gurbin ta dama, duk lissafin da ya biyo baya ƙarya ne. Ita NIST ɗin a 2019 ta gwada manhajojin gane fuska 189, ta tarar da yawancinsu sun fi rikita fuskokin 'yan Afirka da na gabashin Asiya a kan na Turawa. Kun ga ashe tsoron da muke ji yana da tushe.

Kuma ba mu manta ba, ranar 28 ga Maris 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta kasa karanta yatsan shugaban ƙasa na wancan lokacin Goodluck Jonathan a garinsu Otuoke. Shi duniya ta gani, an yi ta magana. Manomin ƙauye kuwa juyawa kawai yake ya tafi gida babu mai labari. Yanzu ga BVN tun 2014, ga NIN, ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ga jarrabawar JAMB, kusan komai sai da dangwale.

Roƙona ga INEC da NIMC mai ba da lambar NIN da bankuna, su riƙa bayyana wa jama'a mutum nawa cikin 100 na'ura ta ƙi a kowace jiha, maza nawa mata nawa, tsofaffi nawa, kuma a daina auna ƙwazon ma'aikaci da yawan kawunan da ya tura. Ku ma 'yan jarida dan Allah ku tura wakili wata cibiya a karkara cikin hunturun nan, ya zauna wuni guda ya ƙirga mutum nawa aka ce su dawo gobe.

Na gode,
Mai karanta jaridarku daga Gumel