Wasan da na gani a Edinbora ya tuna min da tashenmu na Agege

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ban ɗan fili a jaridar nan taka, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, kuma surutun da ake ta yi kan gyaran babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke unguwar Iganmu a nan Legas shi ya sa na ce bari dai in rubuto.

Ni mazaunin Agege ne, na kusa shekara talatin a nan ina sayar da yadi. A watan Agusta na 2022 Allah ya nufa na je Edinbora, babban birnin Sikotilan a ƙasar Birtaniya, wajen ɗiyata da ta haihu, mijinta na karatu a jami'ar garin. Ashe na faɗo daidai lokacin bikinsu na wasanni da suke kira Fringe, sati uku cur ana yi. Surukina ne ya ban tarihin abun, wai a 1947 aka shirya babban biki na manya, sai wasu ƙungiyoyi takwas da ba wanda ya gayyace su suka zo suka nemi ƙananan ɗakuna a gefe suka yi nasu, toh daga nan ya samo asali, kuma har yau ba wani kwamiti da ke tace wa zai yi wa ba zai yi ba, in ka samu ɗaki ka shigo. Yanzu wasanni sun haura dubu uku a garin da mutanensa ba su wuce rabin miliyan da ɗan ɗoriya ba.

In ka bi titin Royal Mile, wanda ya taso daga tsohuwar fadar kan dutse ya gangaro, ba ka taku goma sai wani yaro ko yarinya sun cusa maka takarda a hannu, zo ka ga wasanmu ƙarfe biyu, ga yayyafi na sauka ba ruwansu. Gaskiya akwai da yawa da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ban ko leƙa ba. Amma wanda muka shiga ba zan manta shi ba. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin coci, kujerun roba da ba su fi arba'in ba, fitila biyu, mace ɗaya tal da mayafi guda, in ta yafa shi ta zama kakarta, in ta ɗaura a ƙugu ta zama uwarta, labarin gidansu kawai take bayarwa. Turancinsu na can ma da kyar nake tsintar rabi, amma wallahi tsohon da ke kusa da ni hawaye yake sharewa. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Daga nan muka wuce babban masallacin garin da ke daf da jami'a muka yi azahar, a nan kusa akwai inda ake sayar da shinkafa da miyar kori da araha, 'yan wasa da fenti a fuska suna layi tare da mu. Su ma fa suna da nasu matsalolin, haya na tashi a watan har 'yan gari na kuka, kuma a shekarar masu kwashe shara suka shiga yajin aiki, bola ta cika tituna.

Tunda na ga bokitin nan tashe nake ta tunawa. Ai mu ma abin da muke yi kenan, azumi na kai kwana goma yaro ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata, a bi gida gida a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, gwauro kuma ya shiga uku. Lokacin da na zo Agege ana yi sosai. Yanzu a layinmu azumi ya zo ya wuce da kyar ka ji gwangwani ɗaya, yaranmu Yarbanci da buroka sun fi zama a bakinsu, kowa kansa na kan waya.

Ban raina ginin Iganmu ba, tun 1976 yake tsaye, shi ya karɓi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, bankuna sun kashe kuɗi sun gyara an sa masa sunan marubuci Wole Soyinka, madalla. Amma Edita ka faɗa min tsakani da Allah, mai tura baro a kasuwar Mile 12 ko mai shayi a Idi-Araba yaushe zai ci gosulo ya biya kuɗin mota da na tikiti ya je can, kuma in ya je labarin wa zai gani? Namu labarin na nan jibge ba mai taɓawa, yaron da ya sauko daga tirela bai san kowa ba bai jin yaren gari, ɗan acaɓan da aka hana shi hanya ya rasa abin kai wa gida, matar da mijinta ke Legas shekara biyu tana jira a ƙauye.

Shi ya sa nake kira ga sarakunan Hausawa na Legas da shugabannin kasuwanni da malamanmu na islamiyya, mu samar wa yaranmu wurin yin wasan kwaikwayo, ba gini muke nema ba, aji ɗaya ya isa, malamai su duba abin da za a nuna, iyaye su zo su zauna. Ni dai na yi magana da shugaban makarantar unguwarmu ya yarda zai ba mu aji ranar Asabar bayan la'asar, hayar benci kuma na ɗauka. Wanda muka rasa shi ne mai koya wa yaran, in akwai wanda ya taɓa yin wasan dandamali a makaranta ko gidan rediyo cikin masu karatu kuma yana Legas, dan Allah ya aiko da saƙo ta hannun Edita.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas