Man mu na tsallaka iyaka, kamfanoninmu na ƙarewa a wajen rabon gado

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan harkar mai, musamman kamfanonin nan na gida da uba ke kafawa 'ya'ya su taso a ciki, don na ga kwanan nan kowa sai murna yake wai matatar Dangote ta fara tura fetur Kamaru da Ghana, har man jirgi an kai Saudiyya da Amurka. Abin a yaba ne wallahi, ganga dubu 650 a rana ba wasa ba. Amma tambayata ita ce bayan Aliko sai wa? Ina sauran masu gidajen man namu da tankokinsu ba sa ƙirguwa?

Ai man Najeriya ya daɗe yana fita waje, kowa ya sani, a jarka a bayan mashin ta Jibiya da Illela da Mubi, har ta kai a 2019 kwastan suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, kuma sai da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 kafin kasuwar ta yi sanyi. Wato kwastomomin na nan a Maraɗi da Garwa tun tuni, mu ne dai muka bar wa 'yan fasa-ƙwauri su, ba mu je da allon kamfani da lasisi mun buɗe gidan mai ba.

Kuma ba wai ba a taɓa yi ba fa. Alhaji Sayyu Dantata da kamfaninsa MRS sun haɗa kai da Petroci na Kwaddibuwa suka saye gidajen man Texaco daga hannun Chevron, aka kammala cinikin a 2009, kuma ba na Najeriya kaɗai ba, har da na Benin da Togo da Kamaru da Kongo da ita Kwaddibuwar. Janar T.Y. Danjuma ma da Sapetro ɗinsa, bayan ya sayar wa CNOOC na Sin kashi 45 na rijiyar Akpo a 2006 kan sama da dala biliyan 2, ya fita neman mai a Seme ta ƙasar Benin har da tekun da ke kusa da Madagaska. To ka ga ana iyawa. Sai dai su nawa ne, ɗan yatsa ya ishe ka lissafi.

Ni na yi aikin akawu a wani kamfanin mai a nan arewa, ba zan faɗi suna ba, kuma abin da na gani da idona shi ne kamfanin da aljihun Alhaji abu ɗaya ne. Cinikin jiya na gidajen mai manaja zai kawo a jakar Ghana-must-go, kafin a kai banki an ciri na gyaran motar Hajiya an ciri na kujerar Makka ta wani malami an ciri na gudummawar biki, in ka ce ranka ya daɗe wanne shafi zan rubuta wannan sai ya ce kai dai rubuta "Alhaji ya karɓa". Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ya taimaki jama'a ba iyaka, amma wanne banki ne a Landan ko Dubai zai ga irin wannan littafin ya ba ka bashin dala ka je ka sayi depo a Kwatano? Ranar da ya rasu kuma ko sadakar arba'in ba a yi ba aka fara, ɗakin uwargida suka ɗauki gidajen man cikin gari, ɗakin amarya aka ba su tankoki, wanda ya samu gidan mai ba shi da motar dako wanda ya samu mota ba shi da inda zai sauke, direbobi suka watse, yanzu in ka bi ta wajen wani an mai da shi wurin wankin mota wani kuma akuyoyi ne ke kwana a gindin famfo.

To dubi Perenco, wani kamfanin haƙar mai. Wani Bafaranshe ne Hubert Perrodo ya fara a 1975 a Singafo da 'yan jiragen ruwa masu yi wa kamfanonin mai hidima, daga baya ya gane dabarar sayen tsofaffin rijiyoyin da manya irin su Total suka gaji da su, ya rage kashe kuɗi ya ci gaba da tatsa. Ya mutu a 2006 a haɗari a kan dutse, ba shiri, amma kamfanin bai girgiza ba, iyalinsa suka riƙe hannun jarinsu ɗansa François ya hau kujerar shugaba ƙwararru suka ci gaba da gudanar da aiki, yau suna Gabon da Kamaru da Kongo biyun, a 2022 kuma suka shigo nan maƙwabta Chadi suka karɓi rijiyoyin Glencore. Ba wai ina wanke su ba ne, don ƙungiyoyin kare muhalli sun maka su kotu a Faransa kan zargin gurɓata yankin Muanda na Kongo, wannan maganar daban ce kuma babba ce. Abin da nake nunawa shi ne mai gida ya tafi gidan bai rushe ba.

Kar ma wani ya ce ai Turawa ne su ba sa rigimar gado. Indiya fa? Dhirubhai Ambani, attajirin da ya kafa kamfanin Reliance, wanda ya fara da aiki a kamfanin sayar da mai a Aden ta ƙasar Yaman, ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba, 'ya'yansa Mukesh da Anil suka yi ta sa-in-sa har sai da mahaifiyarsu ta shiga tsakani a 2005 aka raba. Amma da aka zo rabon ba a yanka matatar Jamnagar gida biyu ba, ɓangaren mai gaba ɗayansa aka bar wa Mukesh, Anil ya tafi da sadarwa da lantarki da harkar kuɗi.

Na san abin da za a ce min, wai so kake a hana magada haƙƙinsu da Allah ya yanka musu. Subhanallahi, ko kusa. Kowa a ba shi rabonsa cif yadda shari'a ta ce, amma in magada sun yarda me zai hana a raba hannun jari maimakon a raba famfo da taya? Mai tumuni ta riƙe tumuninta a takarda, ƙarshen shekara a ba ta ribarta, wanda ya matsu yana son kuɗinsa 'yan uwa su saye nasa, kamfani na nan a dunƙule. Malamanmu ya kamata su riƙa bayanin wannan tun mai dukiya na da rai, don a lokacin ne ake jin maganarsa. Su ma iyayenmu alhazai a yi haƙuri a daina ɗora babban ɗa kan kujera don kawai shi ne babba, in ƙanwarsa ce ta karanci harkar a ba ta, in babu a ɗauko bare a biya shi albashi, a kawo odita na waje ya duba littafi duk shekara.

Abin da ke ba ni takaici ma shi ne fita waje ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Alhassan Dantata ai fataucin goro ya yi tsakanin Kano da Gwanja kafin gyaɗa, ya rasu tun 1955 amma ga jikoki da tattaɓa-kunne har yau ana damawa da su a harkar man. Ga matatar Soraz a Damagaram nan kusa da mu tun 2011, ga bututun da aka ja daga rijiyoyin Agadem na Nijar zuwa Seme, ga kasuwar gas ɗin girki na ta buɗewa a duk yankin. Ina roƙon shugabannin IPMAN, wato ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, na arewa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano su kira zama na musamman kan wannan batu, a gayyato lauyoyi da malaman gado da mutanen banki, kuma Malam Edita in an sa rana a taimaka a turo wakili.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Tsohon akawun gidan mai, daga Kano