Kafin a jingine tsofaffin kwamfutoci a sito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin makarantu da ƙananan ofisoshi kan tsofaffin kwamfutocin da ake shirin jinginewa.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Shi kuwa Windows 11 ba kowace na'ura yake hawa ba. Yana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannun mutanenmu sun girmi haka, alhali lafiyarsu ƙalau. Manhaja mai 'yanci irin Linux, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, za ta tashe su.

Da an ambaci Linux sai ka ji an ce "ai kyauta ce". To, Windows ɗin sata ma kyauta ake ɗora shi, sai dai ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. 'Yancin da Richard Stallman ya nufa da ya fara aikin GNU, na samar da manhaja mai 'yanci, a 1983 shi ne ikon ka yi amfani da manhaja, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka raba wa wasu. Ba kayan wasan yara ba ne: jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice, manhajar ayyukan ofis mai 'yanci.

Aikin da ya fi dacewa da irin wannan tsohuwa shi ne ta zama uwar garke, wato sabar cikin gida, kwamfutar da sauran na'urori ke ajiya da ɗauko bayanai a kanta. A samu kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM 4 GB, in da hali 8. A cire tsohon faifanta mai juyawa a sa faifan SSD marar juyawa na 240 GB ko fiye. A zuba Debian 13, wani nau'in Linux, a filash, a girka ba tare da fuskar tebur mai hotuna da tagogi ba don kada a ɓata ƙarfi. Sai a ɗora Nextcloud, ma'aikata su riƙa ajiye takardu da hotuna daga wayoyinsu. Makaranta ta ƙara Kiwix, ɗalibai su karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da sayen data ba.

Me ya sa tafi-da-gidanka ba ta tebur ba? Batir. Idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da rumbun bayanai ke rubutu, yana iya lalacewa, kuma wannan ne ajalin sabar da yawa. Ita kuwa tafi-da-gidanka da batirinta take. Cinta bai wuce wat 10 zuwa 20 ba. A ce wat 15, a yini guda wat-awa 360 ke nan, ƙaramin sola ya ishe ta. Amma akwai tarkuna. Da an rufe murfin za ta yi barci, don haka a buɗe fayil ɗin saiti na /etc/systemd/logind.conf a rubuta HandleLidSwitch=ignore. Batirin da ke cike dare da rana cikin zafi kumbura yake yi. A na'urori irin ThinkPad manhajar TLP tana tsayar da caji a kashi 80. Na'urar raba intanet ma a ba ta nata ƙaramin batirin, in ba haka ba sabar na kunne amma babu mai isa gare ta. Bayan hunturu a buɗe a busa ƙurar fanka.

Inda masu koyo ke kwana suna zufa shi ne shiga sabar ta intanet daga wajen ginin. A buɗe wa sabar ƙofa a saitin na'urar raba intanet, a sake dubawa, shiru. Sau da yawa ba laifin saiti ba ne. Kamfanonin layin waya kan haɗa kwastomomi da yawa a adireshin intanet ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Idan adireshin da aka ba na'urarka ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, kana ciki. Mafita ita ce rami na sirri da WireGuard ta wata ƙaramar sabar haya, ko Tailscale, wanda ya fi sauƙi amma sai ka dogara da kamfaninsu. A rufe shiga SSH, wato hanyar sarrafa sabar daga nesa, da kalmar sirri, a koma makullin SSH, a kunna unattended-upgrades mai ɗora gyare-gyaren tsaro da kansa.

Sai kwafin ajiya. Nextcloud daidaitawa yake yi, abin da ka goge a waya a sabar ma ya tafi kwandon shara. A yi kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Manhajojin kwafi Restic ko Borg sun isa. Duk wata a gwada dawo da fayil guda a gani. Kalmar sirrin mai kula da sabar kuma a rubuta a sa a ambulan a ofishin shugaba, saboda ranar da za a yi wa malamin kwamfuta canjin wurin aiki.

Na gode.

Wani mai karatu,
Zariya