Waliyyan da Ke Wuyanmu da Yaran da Ke Kwana a Kicin Ɗinmu

Zuwa ga Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin ranar 1 ga Nuwamba ta ƙarato, ranar da mu mabiya ɗarikar Katolika muke bikin dukan waliyyai, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da 'yan'uwana Katolika nake, musamman mata 'yan Zumunta. Wanda ba namu ba in ya karanta ma ba laifi, don abin da zan faɗa bai tsaya a gidajen Kirista kaɗai ba.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a Zariya. Mahaifina katikis ne, wato mai koyar da addini a coci, a wani ƙauye ta wajen Malumfashi, cikin Maguzawan da suka karɓi addinin Kirista. Da damina sai a yi wata biyu ba a ga Fada ba saboda rafi ya kawo, Baba ke tara mutane ranar Lahadi. Da dare kuwa, inda wasu yara ke jin Gizo da Ƙoƙi, mu labarin waliyyai muke ji. Tun ban iya ɗaura zane ba na san Charles Lwanga da aka ƙona a Namugongo ta ƙasar Uganda ranar 3 ga Yunin 1886, a zamanin Sarki Mwanga, na san Kizito, ƙaramin cikin shahidan nan 22. Na san Monika, 'yar arewacin Afirka, wadda ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin har aka yi masa baftisma a Milan a shekarar 387. Sunanta mahaifiyata ta ɗauka da aka yi mata baftisma, ita ma kuwa ta sha kuka a kan wani yayanmu.

Bari in fara kawar da tambayar da kullum ake yi mana. Wata maƙwabciyata, Hajiya ce da muka shekara ashirin muna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga, ta taɓa leƙowa falona ta ga mutum-mutumin Uwargida Maryamu a kan tebur, ta ce, "Malama, ke da iliminki, wannan kike wa sujada?" 'Yan'uwanmu Kirista na wasu ɗarikun ma haka suke cewa, har sun fi zafi. Na ce mata, "Hajiya, da za ki tafi Makka ban ce ki sa ni a addu'a ba? Bauta miki na yi?" Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyai muna girmama su, muna roƙon su taya mu addu'a, don mun gaskata rayayyu ne a wurin Allah. Hoto da mutum-mutumi kuwa abin tuni ne, kuma tun a taron bishop-bishop na Nikiya na shekarar 787 Ikilisiya ta ce girman da ake bai wa hoto wucewa yake zuwa ga mai hoton. Hajiya ba ta gamsu ba, ni ma ban sa ran za ta gamsu ba. Muna nan muna miƙa tuwonmu.

Amma gaskiya ɗaya ce daga ƙin ta sai ɓata: masu zarginmu suna ganin wani abu a hannunmu da ke ba su ƙafa. Da yawanmu mun mayar da lambar waliyyi laya. Kakana yana ɗaura laya a damtse, jikansa yana rataya lambar Waliyyi Benedik a wuya, zuciyar ɗaya ce, fatar ce aka canja. Waliyyi Antoni na Padua, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wa'azi yana faɗa da masu cin talaka da ruwan bashi, mun mayar da shi ofishin cigiya: waya ta ɓata, Antoni, makulli ya ɓata, Antoni. Yaro bai buɗe littafi ba tun farkon zango, jarrabawa saura kwana tara uwarsa ta fara addu'ar kwana tara ga Waliyyi Yahuda. Na sayi masara a hannun wata 'yar cocinmu, carbi na lilo a wuyanta, gindin mudunta kuwa an buga shi ya shige ciki. Ban yi mata magana ba, don ni ma ina da nawa mudun, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

An haifi autata a ƙarshen shekarar 2000. A ranar 1 ga Oktoban shekarar ne Paparoma John Paul na biyu ya ayyana Josephine Bakhita a matsayin waliyya, murna ta sa na sa wa jaririyar sunanta. Ga wanda bai san ta ba: 'yar yankin Darfur ce a Sudan, an haife ta wajen 1869. Tana ƙarama 'yan farautar bayi suka sace ta, firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, su masu satar suka kira ta Bakhita, wato mai sa'a. An sayar da ita hannu zuwa hannu a El Obeid da Khartum. A gidan wani janar Baturke aka yi mata zane a jiki da aska, aka cusa gishiri a raunukan. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta, ya tafi da ita ƙasarsu, ta zama mai rainon 'yar wasu abokansa. A 1889 hukuma ta yanke cewa ba baiwa ba ce, a watan Janairun 1890 aka yi mata baftisma, ta shiga cikin Sistocin Kanosa. Yawancin sauran rayuwarta a garin Schio ta yi ta, tana girki, tana gyaran kayan coci, tana tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairun 1947. Na haddace wannan labari tsaf, na sha ba da shi a taron Zumunta har mata su yi hawaye.

A shekarar 2010 wata mata daga ƙauye ta kawo mini yarinya 'yar aiki. Ba za ta wuce sha biyu ba. Muka yi ciniki a kan naira 1,500 a wata, matar ke zuwa karɓa, wai tana kai wa iyayen. Ban taɓa bincika ko yana isa ba. Na yi alkawarin sa ta a makaranta "in an koma sabon zango". Zango ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Tana kwana a kicin a kan tabarma, kusa da buhun gawayi. Kafin kiran assalatu ta tashi ta ja ruwa a rijiya, ta ɗora na wanka, ta share tsakar gida, ta goge takalman yarana, su tafi makaranta ita ta koma kan wanke-wanke. Ranar Lahadi mu ci ado mu tafi Misa, ita ta zauna dafa shinkafar Lahadi, alhali ita ma 'yar baftisma ce. Da dare muna durƙushe muna jan carbi, ƙarar kwanukan da take wankewa na shigowa ta taga, har nakan ɗaga murya in ce ta yi a hankali, addu'a muke. Duk wannan kuma ni malama ce. Na san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Ni ce ma ake turawa gida-gida in lallashi iyaye su turo 'ya'yansu.

Wata Asabar tana goge teburin falo, tsumma ya ja mutum-mutumin Uwargida Maryamu ya faɗo, hannun dama ya ɓalle. Wata Sista ce ta kawo mini shi tsaraba, ina ji da shi. Ban san lokacin da na ɗauko tsumagiyar da nake zuwa da ita makaranta ba. Na dake ta har tsumagiyar ta karye, bakin karyayyen ya tsaga mata fata a damtse. Ba ta gudu ba, ba ta yi ihu ba, tana ta tattara gutsattsarin farar ƙasar a tafin hannunta tana cewa, "Ki yi haƙuri Mama, ki yi haƙuri Mama." Na sa mata man zafi, na ce ta ɓace mini da gani. Sannan na zauna da gam ina manna hannun, ina jin kaina mai kishin addini.

A lokacin autata na shirin karɓar Jibin Ubangiji karo na farko, katikis ya ce kowane yaro ya koyo labarin waliyyin da yake ɗauke da sunansa. Daren nan bayan carbi na zaunar da ita na ba ta labarin, har na kai wajen aska da gishiri. Ta yi shiru, ta waiga wajen kicin, ta ce, "Mama, ita nawa kika sayo ta?" Na ce, "Ke, rufe mini baki!" Maigida ya yi gyaran murya, ya ɗauki rediyonsa ya fita waje. Ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Da zan so in ce washegari na gyara. Ban gyara ba. Na yi sati uku ina gaya wa kaina ai yarinyar ta fi jin daɗi a nan, a ƙauyensu ko shinkafa ba ta gani. Sai da na je furta zunubi wajen wani tsohon Fada (shi ne bakinsa ke ɗaure a kan abin da ya ji, ni nawa a sake yake). Na ce na yi fushi na daki 'yar aikina. Ya ce, "Aji nawa take?" Na ce ba ta makaranta. Ya ce, "Ke ba malama ba ce?" Na ce ni ce. Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ba ni addu'ar da zan yi, ya ƙara da cewa in karanta sura ta biyar ta wasiƙar Yaƙub, inda aka ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji, kuma in dawo in gaya masa sunan makarantar da na sa ta.

Aji uku aka ɗauke ta, tana da shekara sha uku, ta fi kowa tsawo a ajin, yara na yi mata dariya. Sau biyu tana cewa ta fasa. A gida kuma aka yi ta ƙunƙuni, don wanke-wanke da shara sun koma kan 'ya'yana, babban har cewa ya yi shi namiji ne, na ce hannun namiji ma ruwa na taɓa shi. Matar da ta kawo ta ta zo ta yi mini tijara a ƙofar gida, wai zan lalata mata yarinya da boko. Na ci gaba da biyan kuɗin, amma na sa aka kai ni ƙauyen na damƙa wa uwar a hannu, a nan na gano rabi ne yake isa gare ta. Ba na faɗin wannan don a yaba mini. Wanda ya mayar da akuyar da ya sata ba a yi masa guɗa.

Abin da ya fi ba ni kunya daga baya shi ne, waliyyan da muke kira da yawansu mutanen kicin ne. Zita ta garin Luka a Italiya ta shiga aikatau tana da shekara 12, ta yi shekara 48 a gida ɗaya, ita ce Ikilisiya ta bai wa 'yan aikin gida su riƙa koyi da ita. Martin de Porres na birnin Lima, ɗan wata 'yantacciyar baiwa, da tsintsiya a hannu ake zana shi. Namu na gida kuwa, Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda Paparoma ya zo da kansa Oba kusa da Onica ya ɗaukaka zuwa wannan matsayi, mataki ɗaya kafin waliyyi, ranar 22 ga Maris 1998, ya yi suna a ƙasar Ibo wajen tsaya wa 'yan mata da kare mutuncinsu tun kafin ya tafi gidan sufaye a Ingila a 1950. Da Zita ko Bakhita za su ƙwanƙwasa ƙofar yawancinmu yau, ta ƙofar baya za mu shigar da su, mu nuna musu inda tsintsiya take.

Ba cewa nake a jefar da lambobi da carbi ba, nawa yana wuyana yanzu haka. Roƙona ga shugabannin Zumuntar Mata Katolika da Rundunar Maryamu da 'yan Waliyyi Binsan na Bulus masu zagayen marasa galihu shi ne, a taron da ya biyo bayan 1 ga Nuwamba, kafin a shiga maganar anko da kuɗin wata, kowace mace ta tashi ta faɗi yara nawa ne a gidanta da ba ita ta haifa ba, ina suke kwana, aji nawa suke, yaushe rabonsu da Misa ko masallaci in Musulmi ne, kuma hannun wa kuɗinsu ke shiga. Na kawo shawarar a reshenmu bara, wata ta ce wannan shiga sharo ba shanu ne, aka wuce zuwa maganar anko. Bana ma zan sake ɗaga hannu. Fadanni kuma don Allah ku riƙa tambaya a wajen furta zunubi, kamar yadda tsohon nan ya tambaye ni.

Yarinyar ta gama ƙaramar sakandare, ta koyi ɗinki, yanzu tana da aure da 'ya'ya uku da kekenta. Ita ke ɗinka mini ankon Zumunta, tana karɓar kuɗinta cif, ba ta rage mini ko kwabo, ni ma ban taɓa neman ragi ba. Duk lokacin da ta miƙa hannu tana auna ni, ina ganin tabon a damtsenta. Ba mu taɓa tayar da maganar ranar ba. Na yi niyyar in tayar in na je karɓar ɗinkin Kirsimeti, shi ya sa na fara rubuta ta a nan, don in rasa hanyar fasawa.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wata 'yar Zumuntar Mata Katolika,
Zariya, Jihar Kaduna.